Stella Thomas: Macen da ta fara buɗe ƙofar kotu

Duk lokacin da aka ambaci Mai Shari'a Aloma Mukhtar, wadda ta zama mace ta farko da ta shugabanci alƙalan Nijeriya a 2012, mu 'yan Arewa mukan yi alfahari, kuma mun cancanta. Amma ina ganin adalci ne mu waiwaya mu tuna da wadda ta share hanyar.

An haifi Stella Thomas a Legas a 1906, 'yar wani hamshaƙin ɗan kasuwa ne mai suna Peter Thomas. Ta yi makaranta a Firitawun ta Saliyo, sannan ta wuce Ingila karatun lauya. A 1933 majalisar lauyoyi ta Middle Temple ta ba ta izinin aiki, ta zama lauya mace ta farko daga Afirka ta Yamma.

Ba ta tsaya ga littafi kaɗai ba. A 1934, a wani taron masana a Landan, ta miƙe ta soki Lugga da tsarinsa na mulkin talakawa ta hannun sarakuna, tsarin da aka fi kafa shi a nan ƙasarmu ta Arewa. A zamanin da manyan maza ke sunkuyar da kai, wannan ba ƙaramar jarunta ba ce.

Da ta dawo Legas ta buɗe ofishinta na lauya, kuma a 1943 aka naɗa ta majistare, mace ta farko da ta hau wannan kujera a yankin. Ta rasu a 1974.

To, mai karatu, ga inda gizo ke saƙa. Sai a 1966 Aloma Mukhtar ta fito daga wannan majalisa ta Middle Temple, wato shekara 33 bayan Stella. Wannan tazara ba ta rashin basira ba ce, ta rashin tura 'ya'ya mata makaranta ce.

Har yau a Dutsin-Ma da Kurfi akwai matan da ke haƙura da gādonsu ko kuɗin ciyar da 'ya'yansu, domin kunya ba ta barin su zayyana wa namiji damuwarsu. Su ne suka fi bukatar lauya mace mai jin Hausa. Mahaifin Stella ya sauke nasa nauyin. Saura mu iyayen yau.