Bill Ivy: Ya Cika Nasa Alƙawari, Aka Ƙi Cika Masa

An haifi Bill Ivy ranar 27 ga Agusta, 1942, a garin Maidstone na Ingila. Gajere ne, ba shi da jiki, kuma a tseren ƙananan babura wannan jari ne, don ƙaramin inji ba ya son nauyi. Kamfanin Yamaha ya ɗauke shi, ya haɗa shi da wani ɗan ƙasarsu, Phil Read, wanda ya riga ya ci kambun duniya sau biyu, a 1964 da 1965. A 1967 Ivy ya ci nasa kambun a ajin 125 (lambar girman inji ce, ajin 250 ya ninka shi).

Shekarar 1968 ce ta sa nake wannan rubutu. Honda ta janye daga gasar, fili ya zama na Yamaha ita kaɗai. Matsalar kamfanin ba wai ko za su ci ba, a'a, wa zai ci a cikin yaransu biyu? Sai manya suka yi rabo tun kafin a fara: Read ya ɗauki ajin 125, Ivy ya ɗauki 250, kowa ya ba ɗan'uwansa hanya a ajin da ba nasa ba. Dalilinsu a fili yake: kamfani yana son kambu biyu, ba ya son yaransa su kayar da juna a kwana su lalata babura masu tsada.

Ivy ya bi umarni, amma fa da gatsali. A tseren Tsibirin Man na wannan shekara, shi ne ya fara zagaye hanyar da gudun da ya wuce mil 100 a awa a kan babur ɗan 125. Yana gaba nesa ba kusa ba, sai ya sassauta a zagayen ƙarshe, ya bar Read ya ci. Duk wanda ke wajen ya san wa ya fi gudu ranar, kuma ina ganin abin da Ivy yake so a sani ke nan. Ni dai ban ga laifinsa ba, sai dai ba kowane abokin aiki ne zai haɗiye irin wannan kunyatarwa a bainar jama'a ba.

Read yana samun kambunsa na 125 ya juya baya. Ya lura Yamaha ma tana shirin janyewa, wato biyayya ba za ta saya masa aiki a baɗi ba, sai ya shiga cin tseren 250 da gaske. Aka kammala kaka a Monza ta Italiya, su biyun maki ɗaya. Da aka haɗa lokutan da suka yi a tseren da dukansu suka kammala, Read ya yi rinjaye. Kambu biyu a hannunsa, Ivy ko ɗaya. Kun ga inda rabon ya gurgunce: ɗaya ya biya nasa bashin tun da wuri, ɗayan kuma sai bayan ya karɓi rabonsa ne lokacin biya ya zo, kuma kamfanin da zai tafi ba shi da bulalar tilasta shi.

Ran Ivy ya ɓaci, ya ce ya bar babur, ya koma tseren mota. Mota kuwa kuɗi take ci, don haka a 1969 ya karɓi tayin Jawa, kamfanin Cekoslobakiya, ya hau babur ɗinsu ɗan 350. Babur ne mai gudu, har sau biyu ya zo na biyu a bayan Giacomo Agostini, zakaran lokacin, amma injinsa ba abin dogaro ba ne. Ranar 12 ga Yuli, 1969, ana gwaji a filin Sachsenring na Jamus ta Gabas, injin ya ƙame yana cikin tafiya, ya watsar da shi. Raunin ne ya yi ajalinsa a ranar, yana da shekara 26.