Muhammadu ɗan Muhammadu Al-Katsinawi da Ilimin Tsara Hatimi

Malamin zauren da ya zauna a Batsari ko Safana ya zana hatimi mai gida tara a kan allo, ya sa 5 a tsakiya, ya rarraba 2 da 4 da 6 da 8 a kusurwoyi, bai cika tsayawa neman dalili ba. Haka ya karɓa daga malaminsa. Ko ta ina aka tara lambobin, a tsaye ko a kwance ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za a samu. Kusan shekara 300 da suka wuce wani ɗan ƙasar Katsina ya rubuta hanyoyin da ake gina irin wannan hatimi komai yawan gidajensa, kuma sunansa ya fi sanuwa a wajen masu tarihin lissafi fiye da a sassan nazarin Hausa.

Shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu Al-Fulani Al-Katsinawi, wanda littattafan Larabci ke kira Al-Kashnawi. Mafi yawan abin da ake riƙe da shi na rayuwarsa ya zo ne ta alƙalamin Abdurrahman Al-Jabarti, marubucin tarihin Masar, cikin Aja'ibul Asar. Al-Jabarti ya ƙara masa nisbar Ɗan Ranko, ya kuma lissafa malamansa, cikinsu har da Muhammadu Alwali na Bagarmi da Muhammadu Bindu, wanda a hannunsa ya ɗauki ilimin aufaƙu da hisabi. Sai dai an haifi Al-Jabarti bayan rasuwar malamin da fiye da shekara goma, don haka labarin gida ya rubuta, abin da ya taras a bakin mahaifinsa da cikin littattafansa.

Wajen shekarar 1730 Al-Katsinawi ya sauke farali, ya zauna Makka na wani lokaci, sannan ya nufi Alƙahira. A wannan tsakanin ne manyan ayyukansa biyu suka fito. Ya kammala Bahjatul Afaƙ, kan ilimin haruffa da aufaƙu. Sai Durrul Manzum, wanda ya gina a kan Sirrul Maktum na Fakhruddini Ar-Razi, ya fara shi a Makka ya ƙarasa a Alƙahira a 1146 Hijira. Ya yi rubutu kan manɗiƙi da nahawu ma, amma ba su ne suka ɗaukaka sunansa ba.

Abin da ke cikin Bahjatul Afaƙ ya cancanci a tsaya a kansa. Hatimi mai gida uku-uku yaro ma yana iya haddace shi. Mai gida biyar-biyar, wanda kowane layinsa zai ba da 65, ko mai bakwai-bakwai da zai ba da 175, ba a cika shi da hadda, kuma lalube ba ya kai mutum ko'ina. Al-Katsinawi ya bayyana dabarun cika hatimin da yawan gidajen gefensa mara ne, wato wutiri, mataki bayan mataki: gidan da za a ajiye lamba ta farko, yadda za a matsa zuwa ta gaba, da abin da za a yi idan aka taras an riga an cika gidan. Daga cikin dabarun akwai wadda ke bin tafiyar doki a darar shaɗaranji, gida biyu gaba, ɗaya gefe, wanda ya faɗa wajen iyaka kuma ya sake shigowa ta ɗaya ɓangaren. Duk wanda ya bi umarnin sau da ƙafa zai gama da hatimi sahihi ko da bai fahimci sirrin lissafin ba. Irin wannan jerin umarni shi ne masana kwamfuta ke kira algoridim, kalmar da aka samo daga sunan Al-Khawarizmi, masanin Bagadaza na ƙarni na 9.

Ba shi ya ƙago ilimin ba, kuma kuskure ne a riƙa yi masa kirarin da bai nema ba. Malaman Musulmi sun yi rubutu kan aufaƙu ƙarnoni kafin a haife shi. Gudummawarsa ita ce tattarawa da tsarawa da fito da abin da ake ɓoyewa a zukatan malamai zuwa takarda, duk da cewa shi kansa ya yi wa ɗalibi nasiha da riƙe sirri da kuma kada ya karaya. A wajensa lambobin ba su rabu da haruffa da sunayen Allah da taurari ba. Raba lissafin daga asirin aikin masu nazari na baya ne.

A yau gina irin wannan hatimi yana cikin darussan da ake ba masu koyon rubuta manhaja. Tun daga 2021, lokacin da GitHub Copilot ya fito, ɗalibi na iya rubuta buƙatarsa cikin jimla guda, ƙirƙirarriyar basira ta zayyano masa umarnin cikin daƙiƙoƙi, domin ta koya daga ɗimbin rubutun da mutane suka riga suka yi. Halin ɗalibin nan bai yi nisa da na almajirin da ya karɓi ƙa'ida bai san tushenta ba. Bambancin yana wajen tabbaci. Ƙa'idar littafi an jarraba ta hannu bayan hannu, ita kuwa na'ura takan ba da amsa mai kama da daidai alhali da ɓaraka a ciki. Sa'ar hatimi ita ce yana ɗauke da ma'auninsa: a tara layukan, in ɗaya ya saɓa an yi kuskure. Manhajar asibiti ko ta banki ba ta da shaida mai sauƙi haka.

Hassan Gwarzo ya yi rubutu a kan Al-Katsinawi a Ibadan a 1967, Claudia Zaslavsky kuma ta gabatar da dabarunsa ga masu karatun Ingilishi cikin Africa Counts a 1973. Aikin da ya rage wa manazarta Hausa shi ne bin sawun kalmomin wannan fanni, hatimi da wafaƙi da hisabi, a bakin malaman zaure, a gane wace ƙa'ida ake bi wajen cika gidajen, da inda ta haɗu ko ta rabu da abin da ke cikin littafin.

Al-Katsinawi bai komo gida ba. A Alƙahira Shehu Hasan Al-Jabarti, masanin falaki kuma mahaifin marubucin tarihin, ya karanci aufaƙu a wajensa, kuma a gidansa ne ajali ya riske shi a 1154 Hijira, daidai da 1741. Ya bar masa wasiyyar dukiyarsa da littattafansa. Shehu Hasan ya rufe shi a maƙabartar malamai ta Mujawirina, ya gina alama a kan kabarin, ya sa aka rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa.