Louis Pasteur da Ciwon Haukan Kare

An haifi Louis Pasteur a garin Dole, ƙasar Faransa, cikin 1822. Ubansa majemi ne. Shi kuwa ba likita ba ne, malamin binciken sinadarai ne, amma abin da ya fi tsaya mana a rai cikin labarinsa aikin magani ne.

Ran 6 ga Yuli 1885 aka kawo masa wani yaro, Joseph Meister, mai shekara 9, mahaukacin kare ya ciccije shi. Wannan ciwo kuwa, da zarar alamunsa sun bayyana, sai dai kabari. Pasteur ya riga ya gwada wata dabara bisa karnuka: yakan shanya lakar zomo mai cutar har dafinta ya yi sanyi. Aka yi wa yaron allura 13 cikin kwana 11, aka fara da lakar da ta fi bushewa, kowace ta fi ta gabanta ƙarfi. Likita ne ya soka, don Pasteur ba shi da izini. Yaro ya rayu.

Abin mamaki, Pasteur bai taɓa ganin ƙwayar cutar ba, madubinsa bai kai ba. Yanzu mun san abin da ke faruwa. Allurar farko ta nuna wa fararen ƙwayoyin jini magabcinsu, waɗansu suka riƙe kamanninsa. Allurai na biye suka yawaita su, makamansu suka ƙara kaifi. Cutar kuwa tafiyar hawainiya take yi ta cikin jijiya zuwa ƙwaƙwalwa, sai jiki ya riga ta shiri.

Ya rasu cikin 1895. Kabarinsa na cikin gidan binciken da aka buɗe da sunansa a Paris a 1888.