Harold Gillies: Likitan da ya mayar wa sojoji fuskokinsu

Idan yau ɗan acaɓa ya yi hatsari tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, muƙamuƙinsa ya karye, akan wuce da shi babban asibiti a ɗaure ƙashin, wani lokacin da ɗan farantin ƙarfen titaniyom. Shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce, mai irin wannan rauni yakan ƙare rayuwarsa yana ɓoye fuska, abinci ma sai na ruwa. Cikin waɗanda suka sauya wannan hali akwai Harold Gillies.

An haife shi ranar 17 ga Yunin 1882 a garin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan. Ya yi karatun likita a Kambirij da asibitin St Bartholomew na Landan, ya ƙware a aikin kunne da hanci da maƙogwaro.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya sauya masa alƙibla. A 1915 ya je Faransa, inda sojoji ke fafatawa daga cikin ramuka, wanda duk ya ɗago kai harsashi ya same shi a fuska. A can ya ga wani likitan haƙori, Charles Valadier, yana gyara muƙamuƙan da suka ragargaje. Da ya koma Ingila, sai ya matsa wa hukumar soja har ta ba shi ɗakin masu raunin fuska a Aldershot a 1916.

Bayan ɓarkewar gumurzun Somme a watan Yulin shekarar, an yi tsammanin majinyata 200, sai ga kusan 2,000. Wurin ya yi kaɗan, don haka a 1917 aka buɗe asibitin Queen's a Sidcup, inda aka yi tiyata fiye da 11,000 ga mutum sama da 5,000.

Ƙa'idarsa ita ce a maye abin da ya ɓata da irinsa: ƙashi da ƙashi, fata da fata. Akan ɗebo ƙashi daga haƙarƙari ko ƙugun majinyaci a dasa a muƙamuƙi. Tunda babu magungunan kashe ƙwayoyin cuta a lokacin, fatar da aka yanko takan ruɓe. Sai ya riƙa naɗe ta kamar bututu, gefe ɗaya na maƙale da jiki don jini ya ci gaba da gudana, ana matsar da ita kaɗan-kaɗan har ta isa fuska.

Ba kullum ake kwana a gado ba. A 1918 wani matuƙin jirgi, Henry Lumley, ya rasu bayan an yi masa babban dashen fata a karo guda, alhali jikinsa bai yi ƙwari ba. Daga nan Gillies ya daina gaggawa, ya koma yin aiki mataki-mataki.

Ya wallafa littafinsa kan tiyatar fuska a 1920, aka ba shi lambar girma ta Sir a 1930. Ya rasu a Landan ranar 10 ga Satumban 1960, yana da shekara 78.

Shekara biyar bayan rasuwarsa, likitan Suwidin Per-Ingvar Brånemark ya dasa wa mutum na farko titaniyom a muƙamuƙi, bayan ya gano cewa ƙashi na manne wa ƙarfen. Yanzu akan ƙera raga ta titaniyom daidai da giɓin, a cika ta da ɓarɓashin ƙashi, sabon ƙashi ya tsiro a ciki.

A Sakkwato kuma, asibitin da aka kafa a 1999 domin yara masu cutar noma, mai zaizaye baki da kumatu, yana sake gina fuskoki bisa ƙa'idar nan tasa: a ɗauko daga jikin yaron, a tafi sannu a hankali.