Tarihin Marigayi Hassan Fathy, Maginin Talakawa

A wannan makon mun ɗauko wa mai karatu tarihin wani Bamisire da bai yi suna da dogayen benaye ba, amma hikimarsa ta iso har duwatsun Ayar, gabas da Arlit. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin siminti mai rufin kwano a Arlit ko Akokan cikin watan Mayu zai gane abin da ya dami wannan bawan Allah tsawon rayuwarsa.

An haifi Hassan Fathy a birnin Iskandariyya na ƙasar Masar ranar 23 ga Maris, 1900. Ya kammala karatun zanen gine-gine a Alƙahira a shekarar 1926. Lokacin yaƙin duniya na biyu katako da ƙarfe suka yi wuya a Masar, rufin ɗaki ya gagari talaka. A 1941 ya yi tattaki zuwa yankin Aswan, inda ya tarar da maginan Nubiya suna rufe ɗaki da tubalin laka zalla, suna jingina sahu bisa sahu har baka ta haɗe, ba azara ba ginshiƙi. Bai ji girman kai ba, ya ɗauko su suka yi aiki tare, yana koyo a hannunsu.

A 1945 hukumar kula da kayan tarihi ta ba shi aikin gina Sabuwar Gurna kusa da Luksor, domin a tashi mutane wajen 7,000 da ke zaune bisa kaburburan zamanin Fir'aunoni. Ya gina masallaci da kasuwa da dandalin wasanni da gidaje masu kaurin bango, waɗanda ke tare zafin rana. Sai dai mutanen sun ƙi baro tsohon mazauninsu, inda abincinsu yake. Aikin ya tsaya a 1948 ba a kammala ba. Wasu jami'ai kuma suka riƙa yi masa kallon mai son mayar da ƙasa baya. A 1957 ya tafi Atina ta ƙasar Girka, ya yi 'yan shekaru kafin ya dawo gida.

Littafin da ya rubuta kan abin da ya faru a Gurna, wanda ya fito a 1969 aka sake buga shi a Amurka a 1973, shi ya sa duniya ta waiwayo shi. Mahakurci mawadaci. A shekarar 1980, yana da shekara 80, aka ba shi lambobin yabo uku: lambar musamman ta Aga Khan a bikinta na farko a Lahore ta Pakistan, da lambar Right Livelihood ta ƙasar Suwidin, da lambar Balzan. A shekarar ce kuma ya je New Mexico ta Amurka domin ginin masallacin Darul Islam da tubalin laka.

Abin da ya fi shafarmu shi ne, a wannan shekara ta 1980 aka fara gwada irin wannan rufi a Nijar, a ƙauyen Cikal na yankin Filinge. Ƙungiyar Development Workshop, wadda waɗanda suka kafa ta sun yi aiki da shi, ta yaɗa fasahar da sunan gini marar icce. Daga baya aka horar da magina a Iferwan, domin rage saran goruba da sauran itatuwan kwarurrukan Ayar. A 1986 lambar Aga Khan ta zo gida, lokacin da masallacin Yama na jihar Tawa, aikin magini Falke Barmu, ya same ta.

Hassan Fathy ya rasu a Alƙahira ranar 30 ga Nuwamba, 1989. Darasi biyu muka tsinta a rayuwarsa. Laka ba alamar talauci ba ce, kuma maginanmu na gargajiya malamai ne da ya kamata a zauna gabansu. Sannan komai kyawun gida, idan ba a shawarci mai shigarsa ba, kango zai zama. Muna fata masu tsara unguwanni a garuruwanmu na ma'adinai za su riƙe duka biyun. Allah Ya jiƙansa da rahama, amin.