Ivan Pavlov: Masanin da ambaliya ta buɗe wa ƙofar binciken tsoro

A ranar 23 ga Satumban 1924 kogin Neva ya cika ya batse, ruwa ya mamaye birnin Leningrad na ƙasar Rasha, har ya kai ga kejin karnukan gwaji na Ivan Pavlov. Da ƙyar ma'aikata suka fito da su, suka sa su iyo zuwa babban ginin bincike.

Pavlov na da shekara 74 a lokacin. An haife shi a garin Ryazan a 1849, ɗan limamin coci ne, kuma karatun addini ya fara kafin ya koma Jami'ar St. Petersburg a 1870. Binciken narkewar abinci ne ya ba shi lambar yabo ta Nobel a 1904, ba karnuka masu dalalar da miyau ba, ko da yake su duniya ta riƙe. A kansu ya nuna cewa idan wani sauti ya riƙa zuwa gabanin abinci, sautin kaɗai zai sa miyau ya zubo.

Bayan ambaliyar, wasu karnukan suka watsar da abin da aka koya musu. Da suka fara farfaɗowa, sai aka kwararo ruwa kaɗan ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin da ɗayansu yake. Nan take ya firgice, horon ya sake rushewa. Abin da abinci ya gina a maimaici mai yawa, tsoro ya yi irinsa a yini guda. Wanda ya ga rikicin Kafanchan na 1987 ko na bayan zaɓen 2011, kuma har yau fashewar tayar mota ke sa gabansa faɗuwa, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Pavlov ya ɗora abin a kan ɓawon ƙwaƙwalwa. Magadansa suka gano cewa cibiyar koyon tsoro tana can ciki, a wani ɗan sashe mai suna amigidala. Idan sauti da azaba suka zo tare, sinadarin gulutamet kan buɗe makarɓan saƙo nau'in NMDA a mahaɗar ƙwayoyin jijiya, kalsiyam ya shiga, sai ƙwayar ta ƙara jera wasu makarɓan, nau'in AMPA. Daga nan ƙaramar alama ta isa ta tayar da jiki duka. Gwaji a kan ɓeraye ya tabbatar da hakan a 2005.

Wani abin kuwa Pavlov ya riga su gani: horon da aka kashe ta hanyar maimaita sauti ba tare da abinci ba yakan dawo da kansa bayan hutu. Danne shi ake yi, ba goge shi ba, abin da masu jinyar firgici ke fama da shi har yau.

Ciwon huhu ya yi ajalinsa a Leningrad ranar 27 ga Fabrairun 1936, yana da shekara 86.