Waliyyi Charles Lwanga: Makiyayin Yaran Fada

A ranar 3 ga watan Yuni kowace shekara Ikkilisiya takan tuna da Shahidan Yuganda. Jagoransu shi ne Charles Lwanga, wanda aka haifa a ƙasar Buganda wajen shekarar 1860.

A 1879 ne firistocin mishan da ake kira Fararen Fada suka iso Buganda, a zamanin Sarki Mutesa na Ɗaya. Da Mutesa ya rasu a 1884, ɗansa Mwanga ya gaje shi yana matashi. A fadarsa akwai samari masu yawa da ke hidima, kuma ya saba tilasta wa waɗansunsu su kwana da shi. Babu mai ikon cewa a'a, gama maganar sarki doka ce. Amma waɗanda suka ji Bishara suka fara ƙi. Wannan ya haɗu da tsoron da sarki yake yi cewa sabon addinin zai raba shi da mulkinsa, ya kuma buɗe wa Turawa ƙofa.

Joseph Mukasa, babban bafaden sarki kuma Katolika, shi ne yake kāre yaran. Ya tsawata wa sarki a kan kisan Bishop James Hannington na Angilika, aka kuwa sare kansa ranar 15 ga Nuwamba, 1885. A lokacin nan ne Charles, wanda yake cikin masu koyon addini, ya karɓi baftisma. Ya ɗauki nauyin da Mukasa ya bari: yana koya wa yaran addu'a, yana kuma kawar da ƙananan daga idon sarki.

A ƙarshen watan Mayu 1886 fushin sarki ya ƙuna. Da Charles ya ga abin da ke tafe, sai ya yi wa waɗansu yara baftisma da dare, har da Kizito, ɗan shekara kamar 14. Kashegari sarki ya umarci masu bin Kristi su ware gefe guda. Charles ne ya fara fitowa, sauran suka biyo shi. Aka ɗaure su, aka kora su zuwa Namugongo. Ranar 3 ga Yuni, wadda ta dace da Idin Hawan Ubangiji zuwa Sama, aka ware Charles aka ƙone shi a hankali, daga ƙafafu. Sauran aka naɗe su cikin tabarmin kara aka jefa a wuta, Katolika da Angilika tare.

Paparoma Benedict na 15 ya sa su cikin masu albarka a 1920. Paparoma Paul na 6 ya ayyana su 22 a matsayin waliyyai ranar 18 ga Oktoba, 1964, ya kuma ziyarci Namugongo a 1969.

Me rayuwarsa take koya mana? Katekizim na 1992, daga sashe na 2357 zuwa 2359, ya koyar cewa saduwa tsakanin jinsi ɗaya ba ta dace da nufin Allah ba. Amma ya kuma umarce mu mu karɓi masu wannan sha'awa da girmamawa da tausayi, mu guji nuna musu bambanci na zalunci, gama su ma an kira su zuwa ga kamun kai da tsarki kamar kowa. Saboda haka kada wani ya fake da sunan shahidan nan ya wulakanta ɗan'uwansa ko ya ɗaga masa hannu. Charles bai jefi kowa da dutse ba. Ya tsaya ne tsakanin mai ƙarfi da yaran da ba su da mai kāre su. Iyaye, malamai, katekis da mu firistoci, amanar yara tana hannunmu, Allah kuwa zai tambaye mu.

Waliyyi Charles Lwanga da abokanka, ku yi addu'a dominmu. Amin.